Janar, karen duwatsu a garken ragunan Ikorodu

Kawuna ya fi shekara talatin yana fataucin raguna a Legas, ko Ikko kamar yadda shi yake kiranta har gobe. Gidansa yana Agege, cinikinsa na yau da kullum yana wajen Oko-Oba, amma ragunan da yake turkewa don Babbar Sallah ba a can yake ajiye su ba, saboda ƙuncin wuri da tsadar haya. Yana da fili biyu haɗe a bayan Ikorodu, kan hanyar da ta nufi Epe, ya zagaye su da katangar bulo, ya kafa rumfunan kwano. Duk shekara, in ya rage kamar wata huɗu Sallah, sai ya sauko da Balami da Uda daga Arewa ya zuba a can, yara uku suna ba su dusa da harawa da kowar wake. Ni aikina duba lafiyar dabbobi ne, allura da maganin tsutsa da wankin kaska. Ban kai cikakken likita ba, amma "likita" Kawu yake ce mini, musamman in ya shirya ƙin jin shawarata.

Bara, ba a yi mako biyu da sauke raguna ba aka haura katanga har sau biyu. Raguna biyar suka tafi, kuma waɗanda aka fi sa wa rai. Yaran suna kwance a ɗakinsu ba su ji komai ba, ni kuwa ban zarge su ba. Akuya ce ke tara wa ɓarawo jama'a. Rago in aka rungume shi cikin duhu shiru yake yi.

Kawu bai tambaye ni ba. Wani mai sayen rago a wurinsa, mazaunin Ikeja, yana da irin karen nan da mutanen Legas ke kira Kokeshiyan, Kawu ya taɓa kai masa rago ya ga yadda karen ya miƙe a bayan ƙofa kamar ɗan maraƙi. Mutumin ne ya haɗa shi da wani mai kiwon karnuka. Aka nuna masa namiji ɗan wata goma sha huɗu, mai ruwan toka, an datse masa kunnuwa tun yana jariri, aka ce masa ai wannan asalinsa ma karen tumaki ne, sunansa na Turanci ma da kalmar makiyayi a ciki. Mai karnukan bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, shi wannan karen tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa shinshinar tunkiya ba. A keji ya tashi, kan siminti, a bayan wani gida. Abin da ya sani na duniya shi ne mai kawo masa abinci, sai mutanen da ake tsayarwa a gaban kejin ya yi musu haushi don a ga zafinsa a saya. Kuɗin da Kawu ya biya zai sayi Balami biyu masu kyau. Sunan karen Janar.

Ranar da aka sauke shi aka kwance shi a tsakar garke, ya yi kan raguna. A yadda yaran suka kwatanta mini, ba cizo ya nufa ba, wasa ne irin na matashin kare: ya durƙusa da ƙafafun gaba, ya zabura, ya bi wanda ya gudu. Sai dai wasan dabba mai kilo hamsin da ɗoriya ba wasa ba ne a wurin rago. Suka tsittsinke igiyoyi, ɗaya ya daki turke ya karya ƙafa, a daren aka yanka shi. Daga ranar aka sa wa Janar sarƙa, aka ɗaure shi a gindin katanga ƙarƙashin fallen kwano biyu.

Biyu daga cikin yaran sun tashi ne yadda yawancinmu muka tashi: in ka ga kare ka ce "kai!", ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse. Da sanda suke tura masa kwanon abinci. Na ukun ɗan wajen Abalak ne a Nijar, ya girma a zangon makiyaya inda karnuka ke kwana a bakin tanti. Shi bai taɓa tunkarar Janar gaba da gaba ba. Sai ya ɗauko kaskon gawayinsa ya zauna can gefe, inda sarƙar ba ta kai ba, ya juya masa kafaɗa yana dafa shayi. A rana ta huɗu karen ya ci abinci daga hannunsa.

Ranar da aka kira ni

Cikin watan Maris ne, lokacin da zafin Legas ke haɗuwa da gumi. Kawu ya bugo waya ya ce, "Likita, zo maza, karen nan zai mutu mini da kuɗina." Na tarar da shi kwance a gefe, harshe ya yi jawur ya zazzalo, yawu ya yi kauri, idanu ba sa tsayawa. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan abu. Na Janar ya haura 41. Kare ba ya yin gumi ta fata kamar mu, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa, danshin harshe da maƙogwaro ya bi iska ya tafi da zafi. A Kano ko Sakkwato, inda iska ke bushe, hakin yana aiki. A Legas iskar kanta a jiƙe take, ba ta da wurin ɗaukar wani danshin, sai kare ya yi ta haki a banza. Ga gashi hawa biyu, na sama dogo mai kauri, na ƙasa mai laushi kamar auduga, wanda aka yi don dusar ƙanƙara. Ga kwano a kansa da ƙarfe biyu na rana.

Muka yi ta kwara masa ruwan burtsatse a ciki da hammata da ƙafafu, muka kunna fanka da janareto, sannan muka kai shi wurin likitan dabbobi a cikin gari aka sa masa ƙarin ruwa. A can aka ga kaska cike da guntayen kunnuwansa da tsakanin yatsu, gwajin jini ya nuna har ta sa masa cutar da ke cinye jini. Kawu ya ce a aske shi tas a huta. Likitan ya ce a'a, askewa zai bar fata a fili ga rana da ƙudaje. Taje shi za a riƙa yi da burushi ana fitar da mataccen gashin ƙasa.

Washegari muka kamo hanyar Agege ni da Kawu, cunkoson Mile 12 ya riƙe mu fiye da awa biyu. A nan na samu sararin faɗa masa abin da ya saya.

Karnukan da ake haɗawa da tumaki iri biyu ne, kuma aikinsu ya yi hannun riga. Akwai mai kora, irin ƙananan nan masu zafin nama na kan iyakar Ingila da Sikotland, wanda makiyayi ke yi wa fito ya zagaya ya tattaro garke. Wannan da ɗabi'ar farauta yake aiki: ya kafa wa tunkiya ido, ya yi sanɗa, ya bi ta, kamawa kawai aka hana shi. Tsoronsa tumaki suke ji, shi ya sa suke tafiya inda ya so. Na biyun shi ne mai gadi. Shi ba ya kora, ba ya tattarawa. Kwanciya yake a tsakiyar garke kamar ɗaya daga cikinsu, in zai tashi ya tafi a hankali kai a ƙasa, tumaki ko ɗaga kai ba sa yi. Da rana ka rantse malalaci ne. Aikinsa na dare ne, sa'ad da makiyayi ya yi barci kyarkeci ya gangaro.

Daga nan halinsa ya samo tushe. Karen da aikinsa ke farawa bayan ubangidansa ya yi barci ba zai zama mai jiran umarni ba. Ɗaruruwan shekaru makiyaya suna barin wanda ke yanke hukunci da kansa ya hayayyafa, suna kawar da mai cin 'yan raguna da mai arcewa in ya ji warin kyarkeci. Abin da ya fito shi ne kare mai nutsuwa, mai jinkirin girma wanda ba ya cika hankali sai ya shekara biyu ko fiye, mai haushin dare, mai zagaya iyakar wurin da ya ɗauka nasa, wanda kuma duk wani mai rai a wurinsa ko dai namu ne ko ba namu ba. Masu horar da karnuka a birni taurin kai suke kiran wannan. In ka ce masa ya zauna, sai ya duba ko akwai dalili.

Irinsu sun bazu daga yammacin Turai har cikin Asiya: farin nan mai yawan gashi na duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifen, Maremma na Italiya, Komondor na Hangare mai gashi kamar igiyoyi, Kangal na lardin Sibas a Turkiyya, da Alabai na Asiya ta Tsakiya, wanda ƙasar Turkmenistan ta kafa wa gunki mai ruwan zinare a birnin Ashgabat a 2020. A Afirka ma akwai Aidi na duwatsun Atlas a Maroko. Abin da ya haɗa su shi ne kiwon hawa da sauka, lokacin zafi a hau dutse da tumaki, in sanyi ya kawo jiki a gangaro kwari, kamar yadda Fulaninmu ke bin ruwa da ciyawa kudu da arewa.

Sana'ar ta daɗe. Wani marubucin Rum mai suna Varro, a littafin noma da kiwo da ya rubuta shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba mai neman karen garke shawara: ya zaɓi fari don a riƙa gane shi cikin duhu, ya sa masa abin wuya na fata mai ƙusoshi saboda haƙoran kyarkeci, kuma kada ya saya daga hannun mafarauta ko mahauta, domin na mafarauci zai bar tumaki ya bi zomo, na mahauci kuma ba zai bi garke ba. A saya daga makiyaya, wanda ya riga ya saba bin tumaki, ko kuma wanda bai koyi komai ba tukuna.

Kawu ya ce, "To ai ni ba wurin mahauci na saya ba."

Na ce, "Kawu, da na mahauci ne ma da sauƙi. Shi ya san warin rago."

Kakannin Janar daga duwatsun Kokesus suke, tsakanin Bahar Aswad da Tekun Kasfiyan, wato Jojiya da Armeniya da Azarbaijan da Dagestan a kudancin Rasha. Datse kunnen da ake yi musu daga can aka gada, don kada kyarkeci ya samu abin kamawa. A Legas ado ne kawai. To amma tarihinsu bai tsaya a garke ba. Tun daga shekarun 1920 Tarayyar Sobiyet ta fara kiwonsu bisa tsari, tana zaɓar masu ƙarfi, marasa tsoro, tana sa su gadin masana'antu da rumbunan soja da gidajen yari. Ƙungiyar duniya mai rajistar jinsunan karnuka, wadda ke Beljiyam, ta amince da jinsin a 1984, kuma a ma'auninta namiji ba ya gaza kilo 50 da tsayin santimita 68 a kafaɗa. A ganina yawancin waɗanda suka iso biranenmu jikokin masu gadin katanga ne, ba na masu kwana da tumaki ba. Gado biyu ke jikin Janar, kuma kejin da ya tashi a ciki na biyun ya raya.

Abin da ya fi amfanar da ni wajen auna shi daga Amurka ya fito. A 1972 Shugaba Nixon ya hana amfani da guba wajen kashe namun daji a filayen gwamnatin tarayya, masu tumaki suka rasa yadda za su yi da koyot, wani dangin dila. Cikin shekarun da suka biyo baya Raymond Coppinger da matarsa Lorna, a Kwalejin Hampshire ta jihar Masachusets, suka shigo da 'yan kwikwiyo daga Italiya da Yugoslabiya da Turkiyya suka rarraba wa manoma suna bibiyar aikinsu. Suka ce abu uku ake nema a karen garke: amana, wato kada ya cuci dabbobin, kula, wato ya zauna tare da su ba ya yawo ba, sai kariya. Kuma biyun farko ba da sanda ake koyar da su ba. Shaƙuwa ce da ke ƙulluwa tun kwikwiyo bai wuce mako goma sha shida ba. Wanda ya kwana da 'yan raguna a wannan lokaci, tumaki ne danginsa. Wanda ya wuce shi a keji, icen ya riga ya bushe.

An gwada wannan a nahiyarmu ma. A Namibiya, asusun ba rabbi kariya da Laurie Marker ta kafa ya fara raba wa makiyaya 'yan kwikwiyon Turkiyya a 1994, ana sa su cikin awaki tun suna 'yan makonni. Rabbi, dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace dabba gudu, ba ta son rigima. In ta ji haushin babban kare sai ta canza hanya. Yawancin makiyayan sun ce asararsu ta ragu ƙwarai. Kuma a lura, mafi yawan aikin da haushi da tsayuwa ake yin sa, ba da haƙori ba.

Kawu ya saurara har muka wuce Ketu, sannan ya ce, "Duk na ji. Yanzu dai cewa kake ba zai kama ɓarawo ba?"

Na ce zai kama, damuwar ita ce bai san wane ne ɓarawo ba. Garken makiyayi da garken falke sunansu ɗaya ne kawai. A na makiyayi tumakin bara su ne na bana, mutanen gida su ne dai mutanen gida, baƙon da ya shigo ya kama tunkiya ya ja ta ɓarawo ne babu tantama. A garken Kawu kuwa raguna baƙi ne masu wucewa, kuma abin da muke roƙon Allah ya kawo mana kullum shi ne baƙon da zai shigo ya kama rago ya tafi da shi.

Ya ce, "Allah ya kyauta," ya kira wani dillali a waya suka shiga maganar farashin dusa.

Cizon

Janar ya warke. Aka mayar da shi gindin mangwaro, aka sa masa baho biyu na ruwa. Ɗan Abalak ya riƙa zagayawa da shi cikin raguna safe da yamma da igiya a hannu, in ya zabura ya tsawata masa, har ya daina bin su. Bai shaƙu da su ba, ya dai daina ganin su abin wasa. Bayan magariba a kwance shi, ya kwana yana bin katanga. In aka ɗora shi kan ma'aunin nan uku, amana ya samu rabi, kula kuwa ba ragunan yake kula da su ba, katanga ce da yaron nan ɗaya. Kariya ce ta yi masa yawa.

Saura kwana goma sha biyu Sallah, wani dillali, tsohon abokin Kawu wanda ya san yadda ake zare sakatar ƙaramar ƙofa daga waje, ya zo da mai saye bayan magariba. Bai kira kowa ba. Wuri ne da ya shiga sau ba adadi da rana. Ɗan Abalak yana salla a bayan rumfa. Dillalin ya kama wani Uda a ƙaho ya jawo shi, yana lalubar gadon bayansa yana yaba kitse, sauran ragunan suka watse. Janar bai yi haushi ba. Ya taho ya doke shi a ƙirji ya kayar, ya kama masa hannu tsakanin gwiwa da wuyan hannu, ya tsaya a kansa. Bai girgiza ba, bai sake ba, sai da yaron ya yanke salla ya rugo ya kira sunansa. Mai sayen a kan tankin ruwa aka same shi.

A waya na ce su wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti goma sha biyar, su duba agogo, kada su ce ya isa, sannan asibiti. A daren aka yi wa dillalin allurar tetanus da ta rigakafin haukan kare, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Katin allurar da aka haɗo Kawu da shi ranar ciniki, da na duba, babu hatimi babu sa hannun likita, don haka muka ɗauka kamar ba a taɓa yi wa karen komai ba. Da wannan cuta ba a yin ƙila-wa-ƙala: da zarar alamunta sun bayyana babu magani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare. Aka killace Janar kwana goma ana duba shi. Ya fita lafiya ƙalau.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rashin haushin. Karen gadi na gari hawa-hawa yake yin gargaɗi: haushi daga nesa, ya zo ya tsaya tsakanin baƙo da garke, ya yi gurnani, ya zabura kamar zai kama, sai duk wannan ya gaza sannan haƙori. Kare ma ba ya son raunin faɗa. Me ya sa Janar ya tsallake matakan nan duka? Sai da na zaunar da yaran biyu suka faɗa mini cewa duk lokacin da ya yi musu gurnani yana ɗaure, sanda suke zuba masa, wai don ya san su ma masu gida ne. Ya kuwa koya. Bai koyi son su ba, ya koyi cewa gurnani duka yake jawowa. Gargaɗin suka kashe, fushin yana nan inda yake. Ga ɗaurin sarƙa na yini guda, wanda shi kansa yana ƙara wa kare zafi, domin dabbar da ba ta da hanyar ja da baya gaba kawai ta sani.

Zaman da aka yi

Aka zauna a gidan Kawu a Agege. 'Yan'uwan dillalin suka ce a kashe karen. Maƙwabtan filin sun riga sun kai ƙara wurin Baale, wato mai unguwar Yarabawa, kan haushin dare, yanzu ga cizo. Wani dattijo ya ce tun farko me ya kai Musulmi ajiye kare.

Malamin da Kawu ke ɗaukar karatu a wurinsa ne ya warware wannan. Ya ce hadisi ya yi izinin ajiye kare don farauta da dabbobi da gona, wanda ya ajiye ba don waɗannan ba ana rage masa lada kullum. Ya ce a Risala, wadda duk mun karanta a zaure, Ibn Abi Zaid ya kwatanta karen da aka yarda da shi da cewa shi ne mai raka dabbobi daji ya dawo tare da su da yamma. Da na ji wannan sai da na gyara zama, domin ita ce dai siffar da Turawan can suka kira kula. Malam ya ƙara da labarin da masu sharhi ke kawowa, cewa shi kansa Ibn Abi Zaid da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, kare ya ajiye. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Aka yi dariya, har da mai ciwon. Sannan Malam ya juyo ga Kawu ya ce, "Alhaji, izinin ajiyewa daban, alhakin abin da ya ɓata daban. Kuɗin magani da na kwanakin da bawan Allah nan zai yi bai yi ciniki ba, a wuyanka suke." Kawu ya ce ya ɗauka. Dillalin kuma ya yarda cewa shiga garken mutum bayan magariba ba sallama ba daidai ba ne, ya ce shi bai nemi a kashe dabba saboda shi ba.

Ni na so a mayar da karen ga wanda ke da babbar gona da garke zaunanne, a wuri mai sanyi kamar Jos ko Mambila. Kawu ya ƙi. Sayarwa a Legas kuwa na hana, domin kare mai tarihin cizo in ya shiga kasuwa ba a faɗa wa mai saye, gidan da ke da yara zai ƙare.

Sai muka yi abin da zai yiwu. Aka raba filin da shingen waya mai tsayi: gaba wurin ciniki, inda ake fito da ragunan da za a nuna, baya kuma rumfunan kwana da wurin Janar. Aka cire sarƙa gaba ɗaya, aka kewaye masa gindin mangwaron da ƙasa a ƙarƙashinsa maimakon siminti. Ƙaramar ƙofa aka sa mata kwaɗo daga ciki, aka rubuta gargaɗi a jikinta da Hausa da Yarabanci da Turanci. Ba a sakinsa sai ƙarfe goma na dare, a mayar da shi kafin kiran assalatu. Aka ƙara wa katanga layi uku na bulo, aka sa fitilu masu aiki da hasken rana. Aka yi masa allurar haukan kare ta gaskiya, da maganin kaska da na tsutsa a kan lokaci. Na kuma hana ba shi ɗanyen kayan ciki da kawunan raguna daga kwata, sai an dafa: akwai tsutsar da ke zaga tsakanin kare da tunkiya, ƙwanta ya fita a kashin kare ya gurɓata harawa, rago ya ci ta yi masa ƙunshin ruwa a ƙwaƙwalwa ya riƙa juyi a wuri ɗaya. Duka kuwa Kawu da kansa ya ce duk wanda ya sake ɗaga wa karen sanda ya haɗa kayansa.

Abu na ƙarshe shi ya fi wuya, wato a samu mutum na biyu da Janar zai yarda da shi. Ƙaramin cikin yaran biyu ya ce zai gwada. Ya fara da zama gefen Ɗan Abalak lokacin shayi, sannan ya koma shi ke ajiye kwanon abinci. Ya ɗauki makonni.

Bayan Sallah

Ba a sake haura katanga ba. Kawu yana cewa Janar ne. Ni ina cewa bulo da fitila ma suna da kasonsu, ko da yake na yarda labarin dillalin da ya zaga unguwa ya fi kowace fitila haske.

Ragunan suka ƙare, damina ta kankama a Arewa, Ɗan Abalak ya tafi gida. Varro ya ba da labarin wani da ya sayi garke a Umbriya, a tsakiyar Italiya, tare da karnukansa, makiyayan suka kora masa tumakin har kudancin Italiya suka juya; bayan 'yan kwanaki karnukan suka bar tumakin suka bi sawun makiyayan, tafiyar kwanaki masu yawa. Janar bai da hanyar fita. Ya kwanta ya sa hanci a ƙasan ƙofa, kwana uku bai taɓa abinci ba. A na huɗu ya ci daga hannun ƙaramin yaron.

Na roƙi Kawu ya bar tsofaffin tumaki uku a baya, kada garken ya zama fayau. Janar ba ya kwana a cikinsu, yakan kwanta ne taku goma daga inda suke, ya juya musu baya yana kallon katanga. Ɗaya ta haihu a watan Agusta, muka raba su mako biyu, sannan muka haɗa da igiya a hannu. Ya shinshina ɗan ragon ya kau da kai.

Yanzu Kawu ya zo da sabuwar magana: a sayo karya a haɗa su, a riƙa sayar da 'yan kwikwiyo, tun da ya ga kuɗin da ke ciki. Na ce masa in har sai an yi, to a haife su a cikin rumfar tumaki, su tashi da 'yan raguna tun kafin su kai mako takwas, kuma kada a sayar wa wanda zai kai su keji a bayan gida. Ya ce masu kejin su ne masu kuɗin. Mun tsaya a kan zai jira Ɗan Abalak ya dawo bayan girbi, a ji ta bakinsa.